Jinin Ranar Alhamis

Likita ta buɗe littafin awon suga, ta duba, ta goge tabarau ta sake dubawa.

"Baba, wane irin suga ne wannan? Kwana shida lafiya lau, ranar Alhamis kuma sai ya haura ɗari huɗu. Wata uku bai taɓa saɓa alkawari ba. Me kake ci ranar Laraba?"

"Abin da na ci ranar Talata," in ji tsohon.

"Miƙo hannunka in gani."

Yatsun sumul, ko alamar allura babu.

"To ina kake hudawa?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ko ɗinki ake yi kusa da ni, tashi nake. Ke kika ce in riƙa auna jinina kowace safiya. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba ni, duk jinina ne, babu na tsintuwa. Sai na raba musu kwanaki, kowa da ranarsa."

Likita ta dafe kai. Can ta ɗago.

"Ranar Alhamis wa ke ba da yatsa?"

Tsohon ya nuna babbar 'yarsa da ta rako shi. Tana tsaye a bakin ƙofa, riga ta yi mata yawa, ta kafa kai a gorar ruwa ta uku. Ta sauke gorar, ta share baki.

"Likita, don Allah ki yi masa faɗa. Sam ba ya kula da lafiyarsa."

Likita ta jawo sabon kati.

"Baba, tashi ka ba ta kujerar."