Kwalbar Koko Mokgadi

Ranar da Sisi Maluleke, ma'aikaciyar kula da yara, ta shigo layinmu a Mamelodi, Afirka ta Kudu, ta tarar da Bontle 'yar shekara huɗu zaune a ƙofar ɗakin langa-langa tana kankarar ƙanzon tuwon masara. Uwarta Sewela na ciki a sheme da rana tsaka, ta zuƙi ƙwayar da ake kira nyaope har ba ta san inda kanta yake ba. Maƙwabta ne suka kai ƙara, kuma ba sharri suka yi mata ba.

Kotun yara ta zauna a makon. Alƙaliya ta ce a gwada fitsarin Sewela a asibitin unguwa. In an ga ƙwaya, Bontle za ta koma hannun kakarta na wata uku, uwar ta je a yi mata magani. In ba a gani ba, yarinya ta zauna da uwarta kafin a gama bincike.

Kakar ita ce Koko Mokgadi (Koko na nufin kaka a yarensu), mai suyar fanke a tashar mota, shugabar mata masu addu'ar Alhamis a cocinsu. Mutuniyar kirki ce, ba na musu. Amma ta fi tsoron bakin mutane a kan komai.

Da safiyar ranar gwajin Sewela ta durƙusa a gabanta.

"Mma, ki rufa min asiri. Na daina, na rantse da Allah."

"Kin daina? Da wannan leɓen naki da ya ƙone? Je ki faɗa wa wanda bai haife ki ba."

"To shi ke nan. Su rubuta ni 'yar ƙwaya, a karanta a kotu. Ranar Alhamis kya ji daɗin tsayawa gaban matan coci da farar hularki."

Nan fa ta taɓa mata inda yake ciwo. Koko ta ce a ranta hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta wanke kwalbar maganin tari, ta zagaya bayan gida, ta ciko ta da nata fitsarin. Sewela ta cusa kwalbar a ƙirji don kada ta huce.

Gwaji ya fito fes. Sisi Maluleke ba ta gamsu ba, ta bi tsohuwar har tasha.

"Koko, tsakaninki da Allah, yarinyar nan lafiya take a hannun uwarta? Kalma ɗaya za ki faɗa, yau ta kwana a ɗakinki."

"Ke 'yar nan, ni na haifi Sewela ko ke? Hassadar maƙwabta ce. Ga fanke, ɗauki biyu."

Kwana tara bayan haka, Bontle ta wuni ba ci ba sha, uwarta na barcin maye. Ta ga kwalbar lemo kusa da risho, ta kafa kai. Kananzir ne. Wata maƙwabciya ce ta ji tarin, ta saɓe ta a guje. Sati uku yarinyar ta yi a asibiti. Ta rayu, amma likita ya ce huhunta ya taɓu.

Da aka koma kotu, sabon gwaji ya nuna ƙwaya ƙarara. Alƙaliya ta tambayi Sewela yadda aka yi na farko ya fito lafiya.

Ko kunya babu ta ce, "Ai ba nawa ba ne. Na Mma ne. Ita ta ba ni."

Koko ta miƙe. "Ranki ya daɗe, na yi kuskure. Ki ba ni jikata. Ina da ɗaki, ina da sana'a."

"Mma, ke na yi niyyar ba wa tun farko," in ji alƙaliya. "Kin zaɓi ki kare babba, kin bar ƙarama. Yau da wane ido zan miƙa miki ita?"

Aka yanke cewa wasu mutane da ba dangi ba, can wani gari, su riƙe Bontle kafin zama na gaba. Kaka za ta gan ta sau ɗaya a wata, a gaban ma'aikaciya.

Ina tsaye a harabar kotu lokacin da aka sa yarinyar a mota, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ta matsa gefe, ta buga kujera da tafin hannu, muryarta a shaƙe.

"Koko, shigo mana. Ga wuri."

Direba ya rufe ƙofa.

Jama'a, rufa wa mai shaye-shaye asiri a gaban masu binciken lafiyar yaro ba ƙauna ba ce. In an tambaye ku, ku faɗi gaskiya ko da za ku sha kunya, domin babba zai iya warkewa ya dawo, amma abin da ya sami yaro ba ya gyaruwa da "da na sani".