Shaidar Kanar Dibongue

Kanar Dibongue ya hau matakalar hedikwatar sojan ruwa ta Duwala yana tsayawa yana jan numfashi. Shekara talatin da huɗu yana sauke dakaru daga teku zuwa gaɓa, gwiwoyinsa duk sun ƙare. Masu gadi suka sara masa, kowa na kawar da ido.

A ciki kwamitin bincike na zama kan Kyaftin Eyoum. Kwana tara da suka wuce 'yan fashin teku sun sace ma'aikatan wani asibitin ƙauye su uku, suka shige da su surƙuƙin gaɓa. Aka tura Eyoum da mutum arba'in. Ya iso ya tarar ruwa na janyewa, sai ya juya jiragen, ya jira awa shida. Da suka sauka sun ceto biyu, ta ukun kuwa, likita, an riga an harbe ta.

Shugaban kwamitin, Janar Essomba, ya rage murya ya ce wa Kanar ba dole ba ne ya zo yau. Kanar ya ce shi ya horar da kyaftin ɗin, kuma gobe za a yanke hukunci.

Eyoum ya sunkuyar da kai. Ya san halin tsohon: ya taɓa korar hafsa kan makarar minti huɗu.

Kanar bai zauna ba. Ya shimfiɗa taswira, ya ce in ruwa ya janye taɓon wurin har ƙirji yake kaiwa. Shi ma yana matashi ya bar mutum goma sha ɗaya a irinsa, ana tsintarsu da bindiga ɗaya bayan ɗaya. Janar ya tambaye shi ko likitar za ta rayu da an sauka nan take.

"Wataƙila," in ji Kanar. "Kwana tara ban yi wani aiki ba sai juya wannan tambayar, ranka ya daɗe. Da ni ne, ni ma juyawa zan yi. Kada ku taɓa masa anini."

Eyoum ya miƙe zai yi magana, Kanar ya ɗaga masa hannu. "Zauna, ɗana. Ba yau ba."

A mota matarsa Endale na jira. Ba ta tambaye shi me ya faɗa ba. Ta gyara masa kwala, ta ce wa direba ya yi sauri, an riga an kai akwatin gawar 'yarsu, likitar nan, coci, abokan aikinta biyun da aka ceto ma sun iso.