Allurar da aka hana tsohon magini

Kai da kake cewa a bari sai ciwo ya zo sannan a nemi allura, gyara zama ka ji. A wani gidan gajiyayyu an yi wata mata mai kula da tsofaffi. Ita ke dama musu kunu, ita ke wanke musu tsummokara, ko tarin ɗayansu ne ya sauya ita ke fara ji. Cikinsu akwai wani tsohon magini, wanda ya gina wa rabin unguwa ɗaki amma ya ƙare ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Shekara da shekaru babu wanda ya leƙo ya ce masa sannu. Ranar da ma'aikatan lafiya suka kawo rigakafin muguwar mura, tsofaffi suka jeru a gindin darbejiya. Magini har ya naɗe hannun riga, sai ga wani ɗan ƙanwarsa ya faɗo gidan, babbar riga na ta ƙamshi. Wai a majalisa ya ji cewa allurar ta rage tsofaffi ce. Ya daka tsawa: "Kawuna ba marar gata ba ne, kada wanda ya taɓa shi!" Matar ta ji kamar ta shaƙe shi. Ina gatan yake duk lokacin da take wanke wa tsohon nan jiki? Ta lallashi magini, ta yi masa bayani, har ta nuna masa damtsenta inda aka yi mata tata. Amma tsoho ya ji an kira shi Kawu a bainar jama'a, abin da ya daɗe yana ƙishirwarsa. Ya sauke hannun riga, hawaye fal idonsa, ya ce ba zai kunyata ɗansa ba. Gogan naka kuwa ya dire ledar lemo, ya kaɗa riga ya yi gaba, shi a dole ya yi zumunci.

Da damina ta yi nisa murar ta shigo gari, ta biyo masu kawo sadakar Juma'a har cikin gidan. Inda ake kwana ɗaki ɗaya, ana shan ruwa a randa ɗaya, ai ba ta neman iso. Ta bi tsofaffin gado-gado. Waɗanda aka yi wa allura suka ɗan yi tari da zazzaɓi, wasu ko atishawa ba su yi ba, kafin ka ce me sun koma faɗan goro da gardamar rediyo. Magini kuwa a ƙirji ta sauka masa, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Matar ta tallafe kansa tana ɗiga masa ruwa da cokali, zuciyarta na tafasa. Ta aika wa ɗan ƙanwar, sai da ya ga dama ya zo. Da ya ga halin da kawunsa ke ciki, sai marar kunyar ya hau kumfar baki, wai a kira masu allura yanzu-yanzu. Likitan da aka kira ya duba tsohon, ya ce rigakafi tun da lafiya ake yin sa, don jiki ya shirya kafin cuta ta iso, yanzu sai dai a garzaya asibiti. A hanya magini ya cika.

A zaman makoki wannan ɗan ƙanwar ne a gaba, yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Rai na Allah ne, babu musu, amma Allah bai ce ka hana dattijo kariyarsa don a ce yana da dangi ba. Matar ba ta je ta yi masa gaisuwa ba. Ta naɗe tabarmar magini tana kuka, kukan takaici. Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.