Mai Rakiya

Barira ta fito daga gidan wankin zuciya sakayau, kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Tun da aka buɗe wurin, duk wanda aka ɓata wa rai yakan shiga a goge masa zafin, har ya manta abin da ya jawo shi. An ɗaura mata koren zare a hannu, shaidar ta warke.

Yayarta Hansai na jiranta a gindin darbejiya, riƙe da mayafinta, sai fara'a take.

"Sannu ƙanwata. Mu je gida, na yi miki ɗanwaken da kike so."

Barira ta kafa mata ido. Yaushe rabon Yaya da dafa mata wani abu? Ta janye hannun rigarta, sai ga wasu zarurruka, tsofaffi, har sun koɗe.

Ta koma wurin mai gadin gidan. "Baba, wa ke kawo ni nan?"

"Ai doka ce, 'yata. Wanda ya ɓata miki, shi ke rako ki."

"Barira, zo mana, zai yi sanyi!" Hansai ta kira.

Barira ta lalubi zuciyarta ko za ta samu ɓurɓushin haushi ta riƙe. An wanke tas. Ta bi bayan Yaya.