Katangar Manaja

"Toshe su duka," in ji Manaja, yana tsaye a kan injiniya kamar mai tsaron jarrabawa.

Kwanan nan ofishin ya canza masa. Da ya shigo sai hira ta mutu. Mataimakinsa, wanda a da gaisuwa ma sai ya ga dama, yanzu har jaka yake karɓar masa. Manaja kuwa ba yaro ba ne. Ya san leƙa masa kwamfuta ake yi ana kai rahoto sama, don a raba shi da kujerarsa.

Injiniya ya buɗe saitin na'urar da ke raba wa ofishin intanet, inda aka kasa kwamfutoci rukuni-rukuni, shugabanni daban, ma'aikata daban.

"Ka gina mini katanga tsakanina da su. Kada kwamfutar kowa ta ga tawa."

Injiniya ya hau sosa ƙeya.

"Kai ma sun saye ka ke nan?"

"Wane ni, ranka ya daɗe! Ai katangar tana nan. Tun makon jiya aka ce daga sama in yi."

Manaja ya yi ajiyar zuciya. Ashe manya ba su manta da nasu ba.

"Madalla. To, nuna mini tawa cikin shugabannin."

Yatsan injiniya ya gangara, ya wuce shugabanni, ya wuce ma'aikata, ya tsaya can ƙasa.

"Ga ka nan, ranka ya daɗe. Rukunin baƙi."