Tsohuwar da Ta Juya Mana Takalma

Ina 'yar shekara tara Baba ya ɗauke mu daga Guangzhou ta ƙasar China, inda yake harkar lodin kaya, ya kai mu Kyoto ta ƙasar Japan mu buɗe ido. Cikin duk abin da muka gani, takalma ne suka zauna min a rai.

Da la'asar muka isa masaukinmu, wani tsohon gidan katako. Kowa ya watsar da takalminsa a bakin ƙofa, muka haye tabarma mai ƙamshin ciyawa. Sai mai masaukin, wata tsohuwa sa'ar kakata, ta durƙusa ta jera su, ta juya bakinsu waje don in mun tashi fita mu zura ƙafa kawai. Har da nawa ƙanana masu datti.

Baba, wanda muryarsa ke cika kasuwa in yana ciniki, ya tsaya cak yana kallonta.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Haka nake juya wa mahaifina takalmi a ƙofar zaure a Kano. Ina Guangzhou ya rasu. Ban san wa ya ci gaba da yi masa ba bayan tafiyata."

Ya russuna wa tsohuwar har ƙasa.

Yanzu Baba ya tsufa, ganinsa ya ragu. Duk sanda ya shiga ɗaki nakan juya masa takalmansa. In ya fito ba ya lalube, zura ƙafa kawai yake yi.