Ranar da Kawu Ya Zare Wayar Tele

Ina ƴar shekara tara, a ɗakinmu na Villeurbanne, na gama wani wasan bidiyo na Japan bayan watanni ina fama. Sunayen waɗanda suka ƙirƙiro shi suka fara hawa allon tele a hankali, kamar hayaƙin turare. Ina jiran na shugaban aikin ya fito in haddace shi.

Sai Kawu Sani ya shigo, ya zare wayar daga bango.

"Ke, tashi ki ɗora shayi. Ba a rubuta sunan irinmu a nan."

Yau a Paris nake tsara wasanni. Dodon da ake fara kashewa a nawa, gashin bakin Kawu na sa masa. Ƴaƴansa ma sun kashe shi, suna dariya.